Sharhi kan darussan Ingilishi na dare da na biya wa kuɗi a Maraɗi

Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, abokaina da dama suka shiga maganar koyon Ingilishi. Ni kasuwa ce ta tura ni, domin kayan gyaran babur nake sayarwa, masu aiko mana kaya daga Sin da Dubai kuwa da Ingilishi suke rubuto saƙo ta WhatsApp, haka ma takardun da ke biyo kaya daga Kano da Legas. Kamar duk wanda ya bi ta kwaleji a ƙasar nan, na yi Ingilishi tun daga ajin farko, amma abin da ya saura a kaina bai wuce jerin aikatan nan da ake haddacewa uku-uku ba. Shi ya sa na yi rajista a wata cibiya mai zaman kanta a cikin gari, darasi bayan sallar isha'i, kuɗin kuma a biya kashi biyu.

Malamin da muka fara da shi matashi ne da ya yi karatunsa a Najeriya, kuma ban shiga ajinsa da wani dogon buri ba. Wani dare ya tarar da allo cike da jadawalin lokuta 12 da ajin yamma suka bari, ya share shi tas, ya rubuta Hausa a wurin: na biya, ina biya, nakan biya, zan biya. Ya ce mu lura da cewa a harshenmu ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ke ɗauke da lokaci, kuma Ingilishi haka yake yi a yawancin tambayoyi da korewa. Ya rubuta "Did you pay?" da "I did not pay" da "Does he sell tyres?", ya nuna mana cewa da zarar "did" ta ɗauki nauyin abin da ya wuce, aikatau yakan koma yadda yake tun asali, saboda haka "Did you paid?" ɗora kaya biyu ne a inda ɗaya ya isa. Daga nan ya jera "ina tafiya" da "I am going", ya ce duka biyun siffar aikatau suke canzawa idan aikin yana cikin gudana, ya kuma haɗa "nakan tafi" da "I go" na al'ada. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya gano inda Faransanci ke yi mana tarko. Wanda ya saba da "j'ai vu" da ya ga "I have seen" sai ya ɗauka abu ɗaya ne, ya rubuta "I have seen him yesterday", alhali Ingilishi ba ya yarda a haɗa "have" da lokacin da ya riga ya ƙare irin su jiya ko bara. A nan "I saw him" ake cewa. Haka "je suis ici depuis lundi" ke haifar da "I am here since Monday" a maimakon "I have been here since Monday", haka kuma shekarun mutum, da Faransanci ke cewa yana da su, Ingilishi "I am forty" yake cewa. Wani dattijo mai sayar da atamfa da ke zama a gaba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to don me ba a faɗa mana haka a lakwal ba?" Malamin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ta Faransanci aka bi da ku zuwa Ingilishi, ni kuwa ta gida nake son mu bi."

Aikin gida ma na daban ne. Kowa yakan zo da saƙon da aka taɓa aiko masa a waya, a ɓoye suna da farashi, malam ya tsamo ginin jimlar da ke yawan dawowa: "Could you send", "I would like to", "Let me know when". A nan na koyi cewa bayan "when" da "as soon as" ba a sa "will", ko da abin bai faru ba tukuna, ana cewa "when the goods arrive", daidai da yadda muke cewa idan kaya sun iso, saɓanin Faransanci da ke sa lokaci mai zuwa a wurin. Da wannan kaɗai na fara amsa wa mai aiko mini kaya ba tare da na nemi yaron maƙwabcina ya duba mini ba. Da a lokacin aka ce in rubuta sharhi, da yabo zalla za a karanta.

Sai aka karɓi kashi na biyu na kuɗi. A makon da ya biyo baya muka iske wani malami daban a gaban allo, babu sanarwa, babu ko saƙo a zauren WhatsApp na ajin, aka kuma cuso mana ɗaliban lise, wato babbar sakandare, masu shirin jarrabawar kammalawa ta bak har kujeru suka kasa. Sabon malamin, wanda ba na shakkar iliminsa, ya dawo da jadawalin nan na 12 da aka share, yana karanto ƙa'idoji da Faransanci muna kwafewa, yau juya jimla zuwa siffar wanda aka yi wa aiki, gobe maimaita maganar wani. Waɗannan abubuwa ne da jarrabawa ke tambaya, yaran kuma suna bukatarsu, amma ɗan kasuwar da ya rufe shago ya zo da gajiya ba su ya biya wa kuɗi ba. Aka ƙara da cewa kowa ya kawo jikka 2 na fotokofi, takardun kuma da suka zo rabin haruffansu sun dushe. Na ji kamar wanda aka auna wa buhun gero, sama tsaba, ƙasa ƙaiƙayi.

Ni da Alhajin nan muka je ofishin darakta. Ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, ai tsarin karatun ɗaya ne, malami ne kawai ya canza." Wannan amsa ta fi canjin kansa ɓata mini rai, domin ta nuna cewa masu cibiyar ba su ma san abin da ya sa mutane ke cika ajin ba. Da muka tambayi inda malaminmu ya tafi, sai aka ce ya samu wani aiki, ba a kuma yarda a haɗa mu da shi ba.

Bayan na huce, wasu abubuwan da na kawar da kai a kansu tun farko suka dawo mini. A takardar talla an yi alkawarin darasin saurare da lasifika, amma lasifikar tana nan bisa kabad da ƙurarta, ba a taɓa kunna ta ba ko a zamanin malamin da nake yabo. Idan wuta ta ɗauke, da fitilar waya ake ƙarasa darasi, duk da cewa an ce akwai janareta. Shi kansa malamin farko bai kula da furuci ba: rabin ajin har yanzu ba sa raba "p" da "f", wanda kowa ya san ciwon Bahaushe ne, ga kuma "in" da "on" da "at" da ya yi ta cewa za mu zo kansu har ya tafi ba mu zo ba. Rubutu na ya gyaru, wannan ba na musu, amma idan aka kira ni a waya da Ingilishi har gobe sai na ce a rubuto mini.

Na nemi a mayar mini da abin da ya rage na kuɗina tunda na daina zuwa. Aka ce ba a mayar da kuɗi, amma idan na ƙara wani abu za a buga mini takardar shaidar kammalawa mai hatimi. Na duba rasiɗin da aka ba ni ranar rajista, babu sunan malami a ciki, babu adadin ɗalibai a aji, babu komai sai kuɗi da kwanan wata, saboda haka ba ni da abin riƙewa. Takardar shaidar ban karɓa ba, domin a cikin masu aiko mini kaya babu wanda ya taɓa tambayata ita.