Na intanet ko na cikin laftof? Amsar tambayar ƙaninmu

Ƙanina, ka tambaya ko ka biya kuɗin ChatGPT ya riƙa taya ka rubuta manhaja, ko ka sauke irin ƙirƙirarriyar basirar da ke aiki a cikin laftof ba tare da intanet ba. Ni da yaren rubuta manhaja na Visual Basic 6 na fara, zamanin da muke yawo da aiki a faifan fulofi, kuma da na intanet ɗin da na cikin laftof duk na taɓa su.

Na intanet ya fi kaifin kai, wannan ba abin musu ba ne. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 nake jefa masa kurakuran da a da sai in kwana a kansu. Amma na biyan kuɗin dala 20 ne duk wata, ga data, kuma ranar da sabis ya ɗauke, kai ma ka tashi daga aiki.

Na cikin laftof shi ya fi ba ni sha'awa, wataƙila don tsufa ne. Meta, kamfanin Facebook, ta fitar da tata ƙirƙirarriyar basirar mai suna Llama a Fabrairu 2023, a watan Maris kuma Georgi Gerganov ya kawo llama.cpp, wanda ya sa kwamfutar gida ma take iya ɗaukarsa. Yanzu da wata manhaja mai suna Ollama layi ɗaya za ka rubuta ya sauko. Ƙaramin samfurin Llama da ake ce wa 8B, idan an matse shi an rage girmansa, wajen giga 5 ne, sau ɗaya ka sauke shi ke nan. Sai dai fa cin ram gare shi, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. A giga 8 tafiyar hawainiya zai yi maka, giga 16 ne za ka ɗan sarara. Fanka za ta yi ta kuka, batir kuma ba ya jimawa, ka lissafa da wannan idan unguwarku wuta sai an ga dama. Hausarsa ma ba ta nuna ba, da Turanci za ku fi fahimtar juna.

Inda ya yi min rana shi ne wani aiki da na yi wa wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, manhajar lissafin bashi. Sunayen mutane ne da abin da ake bin kowa. Wannan amana ce, ban ga dalilin tura ta kwamfutocin wasu a Amurka ba. A laftof ɗina komai ya tsaya. A aikin nan dai ya taɓa ƙago min umarnin da babu shi sam, ya rubuto shi tsaf kamar gaske. Na intanet ma yana yin haka, nasa dai bai kai yawan wannan ba.

Tunda ka ce yanzu kake koyo kuma laftof ɗinka giga 8 ce, fara da ChatGPT na kyauta, kuma duk layin da ya ba ka, kada ka manna sai ka iya faɗin abin da yake yi. Kuɗin watan kuma tara shi, ka leƙa wurin masu kwamfuta a Beirut Road ta Kano a duba ko laftof ɗin za ta karɓi ƙarin ram.