Tambayar da ta ɗaure min baki a Manila

Jama'ar gida Assalamu alaikum. Shekarata uku ke nan a Filifin ina karatu, cunkoson motocin Manila da wahalar samun naman halal duk na saba, amma abin da ya same ni ranar Asabar har yanzu yana ci min rai.

Ruwan sama ne ya koro ni cikin gidan tarihinsu na National Museum of Anthropology da ke Rizal Park, na zaro kuɗi mai gadi ya ce in mayar, tun 2016 kyauta ake shiga har baƙo. Ashe ɗaki guda sukutum suka ware wa saƙa kawai, Hibla ng Lahing Filipino, a 2012 aka buɗe shi. Na daɗe tsaye gaban t'nalak, wanda matan ƙabilar T'boli na Tafkin Sebu ke saƙawa da zaren abaka, wata irin ayaba ce, sai sun ɗaɗɗaure zaren kafin a rina shi baƙi da ja, kuma sun ce a mafarki ake nuna musu adon. Ga na ganyen abarba da suke kira piña, shara-shara kana hango tafin hannunka ta ciki, da shi ake ɗinka rigar barong ta manya. Tsada kam ba a magana, na kasuwar Divisoria mai araha yawanci roba ne.

Wata dattijuwa ce take ba ni labarin Lang Dulay, masaƙiyar da gwamnatinsu ta karrama a 1998, sai na hau yi mata alfahari da marinar Ƙofar Mata da saƙi da gwado. Ta ce to wane ne babban masaƙinku, ya sunansa? Wallahi shiru na yi, ko mutum ɗaya ban iya kawowa ba, alhali sunayen shadda ta waje zan jero muku goma.

Nan take zanen saƙin Kaka ya faɗo min, ita ta kaɗa zaren da mazarinta tana dangwalar alli, masaƙin unguwa ya saƙa, bayan rasuwarta a kansa muke shanya kuɓewa. Mu kenan, da an ga abu ya tsufa sai a ce tsumma ne.

Daren nan na kira Yaya na ce don Allah ta duba ɗakin ajiya. Ta ce gara ta ci rabi. Na roƙe ta ta wanke ragowar a hankali ta adana min a akwatinta sai na dawo.