Faci yanzu ko sabon gini bayan damina? Amsa ga ɗan'uwan da ruwa ya ci gidansu

Ɗan'uwa, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar muku da mafi alheri. Ga yadda na fahimci tambayarka. Gidanku na gado ne a cikin Badala, tsohon birnin Kano, ginin ƙasa. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya shigo ta zaure har ya kai gwiwa, katangar baya da ɗaki ɗaya sun zube, ɗakin Hajiya mahaifiyarku na tsaye amma ya tsage. An kai ta gidan ƙanwarka a Hotoro, ba ta barci, abinci sai an matsa mata, kullum maganarta a mayar da ita ɗakinta. Yayanku ya ce a kira magini a yi faci, a shafe da siminti, ta koma cikin mako biyu. Kai kuma kana ganin a bari ruwa ya ɗauke, a rushe komai a tayar da bulo. Kana tambaya wanne ya fi.

Kafin a ɗora su a sikeli, ku fara tantance ta inda ruwan ya ci ku. Idan ta sama ne, indararo ya toshe ko rufin soro ya yi rami ruwa ya kwanta, wannan ciwo ne da faci ke magani, haka kakanninmu ke yi duk shekara kafin damina. Amma kai ka ce ta zaure ya shigo, wannan kuwa wata magana ce. Kududdufan da suka cika birnin nan a da, daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen, kuma su ne ke shanye ruwan unguwa idan an yi mai yawa. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Kwatocin da ke kai ruwa rafin Jakara sun cushe da leda. Ga lunguna da aka yi ta ɗaga su da ciko da intalok, har tsakar gidan da a da ake hawa a shiga yanzu sai an gangara. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a Agustan 2022 ya san ginin siminti ma ba ya hana ruwa shiga inda ya fi ƙasa. Saboda haka ka ɗauki igiya da katako, ko ka sa magini ya auna maka: daɓen tsakar gidanku da bakin kwatar ƙofar gida, wanne ya fi tudu? Amsar nan ta fi zaɓin ƙasa ko bulo muhimmanci.

Shawarar yayanka tana da abin da za a yaba. Kuɗinta kaɗan ne, ba sai an tara 'yan'uwa an yi ta karo-karo ba, kuma gidan da ake kwana a ciki ba a ɓalle masa ƙofa da taga. Uwa-uba, Hajiya za ta koma inda zuciyarta take. Matsalar ita ce lokacin. Bangon ƙasa mai kauri da ya sha ruwa daga gindi, bayansa kan bushe a 'yan kwanaki, cikinsa kuwa na nan jiƙe makonni. Ka kanga bayan hannunka a gindinsa da sassafe za ka ji sanyi, ka ga wani farin gishiri-gishiri na fitowa daidai layin da ruwan ya tsaya, ga warin rima da fumfuna a bayan gado. Idan aka shafe irin wannan bango da siminti, an rufe masa hanyar fitar da danshi ke nan. Siminti da ƙasa dama ba sa kama juna sosai. Bayan 'yan watanni ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar fanko, filastar ta rabu da bango, ƙasar da ke ciki ta zama gari, daga waje kuwa sumul kamar ba komai. Magabata da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma duka biyun suna tare ruwa ba tare da sun shaƙe bangon ba. Masu iya su sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare a cikin gari ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shirin mako biyun nan shi ne rufi. Rufin soro ƙasa ce mai nauyi a kan azara, idan ta jiƙe nauyin ya ƙaru, ga bangon da ke ɗauke da ita ya yi laushi a gindi. Kan azarar da ke cikin bango nan ne gara da ruɓa ke fara ci, inda ido ba ya gani. Sau da yawa ɗakin ƙasa ba a daren ruwan yake faɗuwa ba, sai bayan an ɗauke, mutane sun saki jiki sun koma ciki. Tsagewar ɗakin Hajiya, ka liƙa mata ɗan yaɓe a gicciye a wurare biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa dubawa. In yaɓen ya sake tsagewa, bangon na motsi, kada kowa ya kwana a ciki, ko da Hajiya za ta yi fushi da ku. Haka in ka ga bangon ya karkata, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa.

Taka shawarar kuma ta fi ƙarfi ta fuskar gini, in har an yi ta yadda ya kamata. Bulo ba ya narkewa in ruwa ya kwana a gindinsa. Za ku iya ɗaga harsashi ya haura titi, a zuba ciko, a shimfiɗa leda a zuba kankare, danshi ya daina hawowa. Daga Nuwamba iskar hunturu ta fara, ƙasa ta bushe, aiki ya tafi ba fargabar hadari. Sai dai kada ka ɗauka duk abin da aka kira bulo ya fi tubali. Akwai masu buga shi da ke tatsar buhun siminti ɗaya fiye da ƙima, ka sa ƙusa ka karce shi ya yi ta zuba. Je ka wurin bugawar da kanka, ka ga ana ba shi ruwa, ka ɗaga ɗaya ka sake shi ƙasa ka gani. Na harsashi a sa mai inci 9, a bar mai inci 6 ga rabon ɗakuna. Kankare kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka magini mai cewa jibi a ɗora kaya, hanzarinsa na kansa ne. Ga zafi: ɗakin bulo da rufin kwano a watan Afrilun Kano, tsohuwar da ta saba da sanyin soro za ta ji jiki, sai an yi silin mai kyau da tagogi masu fuskantar juna. Ka zagaya Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin rodi, ka leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa, kafin ka yi wa kowa alkawari. Gidajen da aka rushe da zafin zuciya aka tsaya a linta shekara da shekaru suna da yawa a garin nan.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Gidan gado ne, ba a raba ba. Yau wanda ya fi hali zai zuba kuɗi kowa na sa masa albarka, gobe 'ya'yansa su ce ɗakin babansu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku zauna duka, har 'yan'uwa mata, a fayyace kuɗin nan kyauta ne, bashi ne, ko za a cire a rabo, a rubuta da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne.

Yanzu maganar Hajiya, wadda nake ganin ita ce ainihin tambayarka ko da ba haka ka jera ta ba. Yayanka na kallon hawayenta, kai kana kallon bango, kuma kowannenku na da gaskiya. Macen da aka kai ta ɗaki tana amarya, ta haifi 'ya'yanta a ciki, aka fitar da gawar mijinta daga nan, ba bango huɗu ta rasa ba. Ta rasa maƙwabciyar da suke gaisawa ta kan katanga, da kiran sallar masallacin lungu, da sanin inda ta ajiye komai ko a duhu. A Hotoro baƙuwa ce, komai kyautatawar surukinta. Shirinka na wata shida ko fiye zai iya cin ta fiye da yadda kake zato, musamman in ba a gaya mata ranar komawa ba, kullum sai "in sha Allahu an kusa". Shirin yayanka kuma zai mayar da ita ɗakin da za ta riƙa zaune cikin dare tana kallon rufi duk lokacin da aka yi cida.

Rashin barci, firgita in hadari ya haɗu, ƙin abinci, yawan maimaita labarin daren, duk ana ganinsu ga wanda ya tsallake irin wannan, kuma ga yawancin mutane suna raguwa cikin makonni. Kada ku riƙa katse ta da "ki yi haƙuri, ƙaddara ce". Ta san ƙaddara ce, ta riga ku sani. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuka bai saɓa wa tawakkali ba. Ku bar ta ta faɗa. Ku kawo mata abin da aka tsamo, ko kwalla ɗaya ce ko dardumarta, a wanke a ajiye kusa da ita. A ɗauko ta da rana ta ga gidan, ta gaisa da mutanen lungu, a nemi shawararta a kan inda ƙofar sabon ɗaki za ta kalla. In tana shan maganin hawan jini ko na suga, a tabbatar bai tafi da ruwan ba. Idan aka haura wata guda abin na ƙaruwa, tana ramewa ko tana cewa gara ta mutu, a kai ta ga likita. Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma na Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Kai ma ka duba kanka, mai ɗawainiya kan manta shi ma ruwan ya shafe shi. Yaran gidan da suka koma fitsarin kwance kuma kada a dake su.

Da ni ne, ba zan ɗauki ɗayan biyun dungurungum ba, amma na fi karkata wajenka. Ba zan sa siminti a jiƙaƙƙen bango ba, ba kuma zan rushe bangon da ke tsaye lafiya ba. A wannan makon a kashe wuta daga mita har mai gyara ya duba wayoyi, a tokare rufin da ake shakka da katako, a yashe kwata, a buɗe ƙofofi iska ta ratsa. Rijiyar gidan, tunda ruwa ya haɗa ta da masai, a yashe ta a sa kulorin, ruwan sha kuma a tafasa, don amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya. A ɗauki hotunan ɓarnar, a sanar da mai unguwa don sunanku ya shiga lissafin SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, amma kada a jingina aikin da jiran tallafi. In akwai ɗaki a unguwar, na dangi ko na haya, a dawo da Hajiya kusa. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, a fara da ɗakinta shi kaɗai, bulo a kan harsashin da ya haura titi, a ba ta rana takamaimai. Sauran gidan ya biyo baya gwargwadon aljihu, kuma in aikin zai kai ga sabon gini sosai a nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, tun da wuri.

Katangar bayan nan da ta zube, ka bincika ko ta haɗaka ce da maƙwabci, don yawancin gidajen cikin gari haka suke jingine da juna. In haka ne, kada a haƙa harsashi sai an kira shi da mai unguwa an tsayar da iyaka, an kuma yarda ta inda ruwan gidajen biyu zai fita.