COPASI wajen fitar da samfuri zuwa SBML

Duk wanda ya gina samfurin lissafi na yadda sinadarai ke haɗuwa cikin ƙwayar halitta, wata rana zai so miƙa shi ga wani, kuma SBML, tsarin rubuta irin waɗannan samfurai a fayil da ya fito a 2001, shi ne yaren da yawancin manhajoji ke ji. COPASI, manhajar ginawa da gwada irin waɗannan samfurai, magajiyar manhajar Gepasi ta masanin kimiyya Pedro Mendes, kyauta ce, tana aiki a Windows, macOS da Linux. Fitarwar ba ta da wuya: ka shiga File, ka danna Export SBML, ka zaɓi matakin SBML, wato wace sigarsa kake so. Zaɓi mataki na 3, domin mataki na 1 bai san sauyin da ke aukuwa kwatsam a tsakiyar gwaji ba.

Inda COPASI ta fi burgewa shi ne batun girman sashe, wato wurin da sinadaran ke haɗuwa a ciki. A COPASI ana rubuta saurin haɗuwa da yawan sinadari a kowace lita, SBML kuwa adadin sinadarin gaba ɗaya yake so a kowace daƙiƙa. Manhajar da kanta take ninka lissafin da girman sashen. Masu kwafo lissafi da hannu daga manhajar lissafi ta MATLAB a nan suke tuntuɓe: idan girman 1 ne, kuskuren ya ɓuya, amma da zarar an sa na gaskiya, kamar kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu na lita da ƙwayar bakteriya ta E. coli ke da shi, sai lambobi su watse. A kula, haɗuwar da ta ratsa sassa biyu ba a ninka ta haka, sai ka duba ta da idonka.

Abin da ke ba sababbi haushi: fayil ɗin samfurin kawai yake ɗauka. Tsawon lokacin gwaji da saitin daidaita lissafi da bayanan ɗakin bincike suna nan a fayil ɗin cps, wato fayil ɗin COPASI na kanta. Wannan iyakar SBML ce, ba laifin manhajar ba. Sai a haɗa da SED-ML, tsarin rubuta yadda za a gudanar da gwajin, ko kundin COMBINE, wanda ke tara fayilolin wuri ɗaya. Raunin COPASI na gaske yana wajen shigowa da fayil, don ba ta sarrafa ƙa'idojin aljabara na SBML.

Kafin ka aika wa BioModels, rumbun ajiye samfurai a intanet, wuce da fayil ɗin ta mai tantance fayil na shafin sbml.org, ka karanta gargaɗin ma'auni, sannan ka gudanar da shi a Tellurium, wata manhajar gwada samfuri, ka ga ko zanen ya hau kan na COPASI.