Butterfly ɗan China ko na hannu ɗan Japan?

'Yar uwa, wannan tambayar taki ta keken ɗinki, wai sabon Butterfly ko na hannu ɗan Japan mai amfani da wuta, ni dai Butterfly zan ce miki kai tsaye.

Nawa Butterfly ne, baƙin kai mai ƙafa, yana cikin kayan ɗakina, da shi na koyi ɗinki kuma har yau shi ke fitar min da ɗinkin sallah, atamfa, shadda, yadin makaranta, babu wanda yake ƙi. Mai kawai nake ɗiga masa in canza bel in ya saki, kwarkwaro da allura kuwa ko a shagon unguwa kin samu, kuma duk mai gyaran keke ya san cikinsa. A ɗauke wuta a kawo, ba ruwanki. Abin dariyar ma, mutanen da ke yatsina fuska suna cewa kayan China ba ƙarko, iyayensu da wannan keken na Shanghai suka yi sana'a, wayar Tecno ko itel da ke hannunsu ita ma ta kamfanin China ce. China kowane aji suna yi, 'yan kasuwarmu ne ke zuwa Guangzhou su ce a yi musu mai araha, sunan ƙasar ya kwana a ciki.

Ɗan Japan ɗin, eh, ɗinkinsa na da laushi yana zigizagi, na taɓa riƙe ɗaya, ya fi daɗewa wurin mai gyara kan ɗakina. Wanda aka yi don gidajen Japan wuta mai ƙarfin volt 100 yake sha, tamu kuwa volt 230 ce, kika jona babu na'urar rage wuta motar, wato injin da ke juya keken, ta ƙone nan take, in wani ɗan haƙorin giya na roba ya karye a ciki kuma sai Allah. Su kansu Juki da Brother, kamfanonin keken ɗinki na Japan, suna da masana'antu a China da Vietnam, to ina maganar take?

Sannan don Allah ki kula da masu sayarwa. Da sun ji kin ce Japan kike so sai a goge tsohon kai a fesa fenti a manna takarda, kuɗi ya ninka, Butterfly ɗin ma akwai jabu. Ki tafi da tela wanda ya san keke, ki riƙe ƙyalle mai kauri a ɗinka a gabanki, a juya bayan ɗinkin a ga ko yana tsallake, kuma kar ki biya sai an rubuta miki rasit. Ki ɗauki Butterfly mai ƙafa, in hali ya samu daga baya kya sa masa mota.