Hattara da masu sayar da awarwaron ƙamshi da sunan magani

Jama'a, ku yi hattara da wasu masu talla a Facebook da TikTok. Suna sayar da awarwaro da sarƙar wuya na baƙin dutsen aman wuta, wanda ake ɗiga wa man ƙamshi, suna cewa yana maganin hawan jini da ciwon damuwa, har ma yana dawo wa tsofaffi masu cutar mantuwa da tunaninsu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne da gaskiya suke fara magana. Ƙamshi kan tuno wa mutum abin da ya wuce, domin saƙon hanci yana isa kusan kai tsaye zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin zuciya. Hancin ɗan Adam na da nau'in masu karɓar wari kusan 400, kuma binciken irinsu ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka samu kyautar Nobel a 2004. Wannan kusancin hanci da ƙwaƙwalwa shi ya sa turaren mahaifiyarka da ta rasu zai bugi hancinka, sai ka ji hawaye. Amma wannan alaƙa taka ce kai kaɗai, rayuwarka ce ta ƙulla ta, ba ta cikin kwalbar kowa.

Dutsen ƙananan ramuka kawai gare shi, yana shan mai ya riƙe na 'yan kwanaki. Yana iya sa ka ji daɗi, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma ba ya saukar da hawan jini. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin likita ka rataya sarƙa, da ranka yake wasa.

Mafi muninsu su ne masu farautar waɗanda aka yi wa rasuwa. Sai su ce ka turo rigar mamacin da kafin alƙalami, za su cire ƙamshinsa su zuba maka a abin wuya. Cinikin biri a sama ke nan. Kuɗi na shiga su toshe lambarka, rigar da ba ka da wata irinta ta tafi.

In za ka saya don ado, ka tambayi sunan man da irin ƙarfen. Man da ba a sirka ba yana ƙona fata, musamman na bargamot (wani nau'in lemo) idan rana ta same shi, ƙarfen nikel kuma kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai kayan da ya kasa ba ka amsa, kada ka tura masa ko sisi.