Zaɓen Tafiyar Kamun Kifin Tirawut da Jagora a Kogunan Yammacin Amurka

Wanda ya yi niyyar biyan kuɗi domin jagora ya kai shi kamun tirawut, wani kifin ruwan sanyi, a yammacin Amurka, da irin fatsar nan da ake ɗaura wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, ya kamata ya fara tsayar da watan da zai je tun kafin ya zaɓi kogi.

Kogunan nan iri biyu ne. Akwai waɗanda narkewar dusar ƙanƙarar kan duwatsu ke cika su, kamar Yellowstone a jihar Montana, wanda babu babbar madatsa a kansa. Daga watan Mayu zuwa Yuni ruwansu kan yi tozo ya gurɓace, kifi ba ya ganin fatsa, don haka wanda ya biya kuɗin wannan lokaci ya yi asara. Akwai kuma waɗanda ke fitowa daga ƙarƙashin madatsa, kamar Misuri a ƙasan madatsar Holter kusa da garin Craig, da Bighorn a ƙasan madatsar Yellowtail, da Green a ƙasan madatsar Flaming Gorge a jihar Yuta. Ruwansu garau yake, da sanyi kusan duk shekara, kuma ga wanda ba shi da damar sauya ranar tafiya, a ganina su ne suka fi tabbas. Aibinsu cunkoso ne, sannan kifinsu ya ga fatsa iri-iri har ya yi wayo.

Ƙarshen lokacin zafi a yankin ma yana da tasa matsalar. A Montana, idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 23 a ma'aunin Salshiyas kwana uku a jere, hukuma kan hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, saboda tirawut ɗin da aka kama aka saki a ruwa mai ɗumi yakan mutu. Mai zuwa a watan Agusta ya tambaya ko za a iya fita da asuba.

Sai batun kwalekwale ko shiga ruwa da ƙafa. A kwalekwale jagora yana tsakiya yana tuƙi, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ana gangarawa tare da ruwa. Ana cin dogon zango, kuma ya fi sauƙi ga dattijo ko mai ciwon gwiwa. Amma wuri mai kyau yakan wuce kafin sabon shiga ya warware zarensa da ya harɗe. Wanda burinsa ya koyi jefa fatsa gara ya zaɓi tafiyar ƙafa, inda jagora zai tsaya a gefensa ya riƙe masa hannu ya gyara, ko da yake duwatsun ƙasan kogi irin Madison suna da santsi ƙwarai.

Kuɗin yini yawanci na kwalekwale ne gaba ɗaya, mutum ɗaya ne ko biyu, shi ya sa zuwa da aboki ya fi araha. Abincin rana kan shiga ciki, amma lasisin kamun kifi daban ake saye, kowace jiha da nata, gandun dajin Yellowstone kuma yana da tasa takardar izini. A ware tukwicin jagora, wanda bisa al'ada yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Kafin a ba da kafin alƙalami, a tambayi kamfanin sunan jagoran da zai fita da mutum, da ko sandar fatsa da wandon shiga ruwa suna cikin farashin, da kuma abin da za su yi idan kogin ya lalace a ranar: mayar da kuɗi, ko komawa wani kogin da ke kusa.